Kundin aikinmu: marubuta shida, karatu kafin talla

18 ga Janairu, 2025

Yau muka tsai da magana. Mu shida ne, kowa da irin rubutunsa: Hajiya, babbarmu, wadda take fitar da littattafan zube tun kafin wasunmu su fara riƙe alƙalami, Malam mai rubutattun waƙoƙi, ɗan'uwanmu mai labaran bincike, wata mai labaran yara, ƙaramarmu da take rubutu a waya tana sakin labari babi-babi ga masu bibiyarta, sai ni mai gajerun labarai. Ni aka ɗora wa riƙe wannan kundi, don kada a wayi gari a manta da abin da aka yi alkawari.

Abin da ya haɗa mu ba ɓoyayye ba ne. Kowannenmu ya gaji da yin komai shi kaɗai. Shi ne marubuci, shi ne mai tacewa, shi ne mai talla, in littafi ya fito kuma ya zauna yana jiran wanda zai ce ya gani. Mun amince za mu riƙa karanta rubutun juna kafin ya fita, mu tallata shi bayan ya fita, sannan mu haɗa kundi guda mai ɗauke da sunayenmu duka: labarai biyar, da waƙoƙin Malam a tsakaninsu.

Sharaɗi ɗaya ne ya ci mana lokaci, kuma Hajiya ce ta kawo shi: ba wanda zai tallata littafin da bai karanta ba daga farko har ƙarshe. Ƙaramarmu ta ce, "Hajiya, ai wannan zai rage mana gudu. Ɗora hoton bango a shafi fa ba ya cin minti ɗaya." Hajiya ta ce, "'Yata, masu bibiyarki amana suka ba ki. In kika ce musu littafi ya yi daɗi, suka saya suka tarar ba haka ba, ba marubucin za su riƙe ba. Ke za su daina yarda da ke." Ina bayan Hajiya a kan wannan ɗari bisa ɗari. Abin da kowannenmu ya zo da shi wannan haɗaka ba kuɗi ba ne, yardar masu karatunsa ce, kuma in ta zube ba ta kwasuwa. An amince da sharaɗin.

8 ga Fabrairu

Zaman karatu na farko, kuma labarin mai bincike aka fara ɗorawa a faifai. Malam ne ya ba da shawarar tsarin da muka bi. Ya ce a shekarar 1956 wasu marubutan ƙagaggun labaran kimiyya, Damon Knight da James Blish da Judith Merril, sun fara wani taro a garin Milford na jihar Pennsylvania a Amurka, kuma tsarin taron ya bazu duniya. Kowa ya karanta rubutun tun kafin a zauna. In an zauna, sai a bi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi abin da ya gani cikin 'yan mintuna. Mai rubutun kuwa bakinsa a rufe, alƙalami kawai yake motsawa, sai kowa ya gama sannan ya yi magana.

Shirun nan shi ne asirin abin. Da muka fara, mai labaran yara ta ce ba ta gane dalilin da ya sa ɗan sandan labarin ya zargi direba ba. Na ga ɗan'uwanmu ya buɗe baki zai yi bayani, Malam ya ɗaga masa hannu. Da zagaye ya zo kaina, ni ma abin da na rubuta ke nan a takardata. Hajiya ma haka. Da an bar shi ya yi bayani tun a karon farko, da dukkanmu mun gyaɗa kai mun ce ashe haka ne, a wuce wurin, ramin kuma ya bi littafin har hannun mai saye. Mai karatu ba zai samu marubuci a gefensa yana warware masa abin da shafi ya kasa faɗa ba.

Da lokacinsa ya yi, ya ɗan yi jim, ya ce, "Wallahi a kaina dalilin yana nan. Ashe ban sauke shi a takarda ba." Hajiya ta ce masa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Muka tashi kowa ransa fari.

Mun ƙara ƙa'ida ɗaya ta kanmu: mai sharhi ya faɗi inda ya tsaya da abin da ya ji, amma kada ya rubuta wa mutum labarinsa. "A nan na ji barci" sharhi ne mai amfani. "Da ni ne, kashe matar zan yi" ba shi da gurbi a wurinmu.

1 ga Maris

Lokaci ya fara yi mana gardama. Kowa yana da aikinsa da iyalinsa, kuma littafin Hajiya na gaba ya tasam ma kalmomi dubu tamanin. Mun raba abin biyu: a zaman wata-wata ba a kawo abin da ya wuce kalmomi dubu biyar; cikakken littafi kuwa mutum biyu ne za su ɗauka su karanta cikin wata guda, sauran su karanta bayan an gyara, kafin talla.

22 ga Maris

Yau an ɗan yi zafi. Mai labaran bincike yana da littafi da Ingilishi a kasuwar Amazon, ya roƙi kowa ya shiga ya ba shi taurari biyar da 'yar jimlar yabo, shi ma in namu ya fito zai rama. A ganinsa wannan shi ne taimakon juna mafi sauƙi, kuma na fahimce shi, domin littafin da ba shi da sharhi ko ɗaya a ƙarƙashinsa ba kasafai baƙo yake taɓa shi ba.

Amma abin yana da matsala ta fuska biyu. Ta farko, ƙa'idojin Amazon sun hana musayar sharhi, irin na yi maka ka yi mini, kuma sun hana sharhin wanda yake da kusanci da marubucin. Suna goge irin waɗannan, wani lokaci har su hana mutum sake rubuta sharhi. Ba su kaɗai ba ne. A 2024 hukumar kula da cinikayya ta gwamnatin Amurka ta kafa dokar da ta haramta sharhin ƙarya da sayen sharhi. Duniya ta gane cewa mai saye yana dogara da waɗannan taurari ne bisa zaton baƙi ne irinsa suka bayar.

Ta biyu ita ce ta fi damuna, kuma ita na faɗa a zaman. Ko da babu wata doka, sharhin da aka yi alkawarinsa kafin a karanta littafi ba sharhi ba ne. Mutumin da ya ga taurari biyar daga mu biyar, bai san abokan juna ba ne mu, an yaudare shi ko da littafin yana da kyau. Na ce masa, "Yaya, ni zan karanta littafinka, in rubuta abin da na gani a shafina da sunana, in kuma faɗa a layin farko cewa tare muke aiki. Wanda ya karanta ya san daga inda maganar ta fito, sai ya auna ta da kansa."

Bai ji daɗi ba da farko. Ya ce wasu suna yi ba abin da ya same su. Malam ya ce mai yiwuwa, amma mu ba don haka muka taru ba. A ƙarshe muka rubuta: ba musayar taurari a kowace kasuwa, duk wanda zai yi magana a kan littafin ɗan ƙungiya, ya bayyana alaƙar, kuma ba dole ba ne kowa ya yabi kowane littafi. Wanda littafi bai kwanta masa ba yana iya sanar da fitowarsa kawai, ko ya yi shiru, ba tare da an riƙe shi a zuci ba. Wannan na ƙarshen shi ne zai yi wuyar cikawa, na sani.

12 ga Afrilu

Ƙaramarmu ta haɗa labarin da ta saka babi-babi, tana so ya zama littafi kafin ƙarshen wata. Ni da Hajiya muka ɗauka. Yarinyar nan tana da baiwa. Hirar mutanenta tana da rai, kana karantawa kana jin muryoyinsu, abin da wasu suke shekaru suna nema ba su samu ba. Sai dai labarin da aka rubuta don a karanta kowane dare a waya yana da ɗabi'arsa. Kowane babi yana farawa da tuna wa mai karatu abin da ya wuce, yana ƙarewa da abin tayar da hankali don a dawo gobe. In aka jera su a littafi guda, maimaicin yana fitowa fili, tashin hankalin kuma ya yi yawa har ya daina tayar da hankali. Akwai kuma wata 'yar'uwar jarumar da ta ɓace a tsakiya ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Faɗa mata bai zo da sauƙi ba, don ta riga ta sanar wa mutanenta rana. Ta yi shiru, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Anti, kenan duk wahalar da na sha a banza?" Na ce ba a banza ba, ginin yana tsaye, rage kaya kawai za a yi. Hajiya ta buɗe daftarin ta nuna mata babi uku da in aka haɗe su za su zama babi ɗaya mai ƙarfi, ta karanta mata shi da baki yadda zai kasance. Nan fuskarta ta sake.

Hajiya ta ba ta labarin da nake so ya zauna a kundin nan. A 1962 an yi taron marubutan Afirka a Makerere da ke Kampala. Wani ɗalibi ɗan Kenya, wanda duniya ta sani daga baya da Ngugi wa Thiong'o, ya miƙa wa Chinua Achebe rubutunsa da ba a buga ba. Achebe ya karanta, ya kai maganarsa ga kamfanin Heinemann, inda yake ba da shawara kan jerin littattafan marubutan Afirka da aka fara a wannan shekara. Littafin ya fito a 1964. Hajiya ta ce abin lura shi ne Achebe bai tsaya a kan sa albarka ba. Ya zauna ya karanta rubutun ɗalibin da ba wanda ya san shi, kuma karatun ne ya ba maganarsa nauyi a wurin masu bugawa.

An ɗage ranar fitowa zuwa Satumba. Ita da kanta ta rubuta wa masu bibiyarta cewa tana gyara.

10 ga Mayu

Mun yanke cewa kowane littafin da ɗayanmu zai fitar daga yanzu zai ɗauki shafi ɗaya a ƙarshe mai gabatar da littattafan sauran. Ba mu muka ƙirƙiro wannan ba. Wajen ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990, marubutan ƙungiyar Raina Kama, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu, suna buga littattafansu da sunan ƙungiyar, kuma mai karatu yana samun jerin littattafan sauran 'yan ƙungiya a cikin wanda ya saya. Hikimar a bayyane take. Wanda ya kai shafin ƙarshe na littafi, ya ji daɗinsa, a wannan lokacin ne ya fi kowa neman na gaba.

Inda muka bambanta kaɗan shi ne ba jeri kawai za mu yi ba. Mai littafin ne zai rubuta jimla biyu ko uku da bakinsa a kan littafi biyu kacal, waɗanda yake ganin masu karatunsa za su so. Mai labaran yara ce ta ja hankalinmu: ba zai yiwu a bayan littafin da uwa za ta karanta wa ɗan shekara bakwai a tallata labarin kisan kai ba. Ita waƙoƙin Malam na yara kawai za ta ambata. Ba wanda ya ji an ware shi.

21 ga Yuni

Yarjejeniyar kundin haɗaka. Wasu sun ce tsakaninmu ai ba sai an yi takarda ba. Na dage a yi, kuma dalilina shi ne zumuncin kansa. Yau muna shiri, amma littafi yana daɗewa fiye da yanayin zuciya, har ma fiye da mai shi. Yarjejeniyar Bern ta 1886, wadda akasarin ƙasashen duniya suka sa wa hannu, bayan gyare-gyaren da aka yi mata, ta tanadi cewa haƙƙin mallaka yana tabbata ga marubuci ba tare da sai ya yi rajista ba, kuma yana ɗorewa aƙalla shekara 50 bayan rasuwarsa. Ƙasashe da yawa sun kai shi 70. Wato wata rana magadanmu ne za su zauna a kan wannan kundi, mutanen da watakila ba su san juna ba. Gara mu bar musu magana a rubuce.

Ga abin da muka sa wa hannu, shafi ɗaya da rabi. Kowa shi ke da labarinsa. Abin da ya ba kundin izinin bugawa ne kawai. Shekara guda daga ranar fitowa ba zai sake buga labarin a wani wuri ba, bayan nan yana da 'yanci. Kuɗin da aka kashe ana fara cire shi, ragowar a raba shida daidai, ba a duba tsawon rubutun kowa. A nan Malam ya so ya karɓi ƙasa da na kowa, wai waƙoƙinsa ba su kai shafukan labari ba. Hajiya ta ce, "Malam, baiti huɗun da ka kwana uku kana sassaƙawa ba a auna shi da shafi." Aka bar shi daidai. In wani ya so fim ko fassara daga labari ɗaya, maganar tsakaninsa da mai labarin ce. In wani ya fita daga ƙungiya, labarinsa yana nan a bugun da ya riga ya fito, kasonsa kuma yana ci gaba da zuwa masa. Mutum biyu ne za su riƙa ganin lissafin kuɗi, ba ɗaya ba.

Mun ba wani lauya ya duba kafin mu sa hannu. Ya gyara jimla biyu.

19 ga Yuli

Aikin kwamfuta, wanda ba wanda yake so amma dole a yi. Mun gwada fitar da babin gwaji a matsayin littafin waya, sai ga haruffa masu ƙugiya sun watse: a wata wayar ƙ da ɗ da ɓ sun zama akwatuna, a wata kuma sun fito amma da wani zubi dabam da sauran haruffa, kamar an ɗinka su daga baya. Dalilin shi ne ba kowane zubin haruffa ne yake ɗauke da su ba, ko da yake Unicode, tsarin da yake ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, ya tanade su tun da daɗewa. Maganin shi ne a zaɓi zubin da yake da su, a kuma cusa shi cikin fayil ɗin kansa. Mun gwada Charis SIL da Noto Serif, dukansu kyauta ne kuma lasisinsu ya yarda a cusa su cikin littafi. Mun tsaya a kan na farko. Littafin mai labaran yara kuwa Andika za ta yi amfani da shi, don an tsara shi ne saboda masu koyon karatu.

Za mu fitar da littafin wayar a tsarin fayil na EPUB, saboda rubutunsa yana bin girman allon waya, mai karatu kuma yana iya ƙara girman haruffa. PDF shafinsa a daskare yake, a ƙaramar waya sai an yi ta ja da yatsa.

Sai lambar ISBN, wato lambar shaida da ake ba kowane littafi. Tun 2007 lambobi 13 ce, tana farawa da 978 ko 979, kuma kowane nau'in bugu da tasa: na takarda dabam, na waya dabam. Biyu za mu nema. Mai labaran bincike ya ɗauki wannan, tunda ya taɓa yi.

Wannan zaman ya nuna mini wani amfanin haɗuwa da ba mu lissafa ba a Janairu. Abin da mutum ɗaya ya sha wuya ya koya, sauran biyar sun samu a zama guda.

9 ga Agusta

Mai labaran yara ta yi shiru tun watan jiya. Ba ta aiko da sharhinta a kan labarina ba, ba ta kawo nata ba. Aka fara 'yan maganganu, har wani ya kawo shawarar a buɗe jadawali: wa ya karanta na wa, wa ya tallata na wa, sau nawa, don a ga mai ƙwazo da mai cin gumin wasu.

Ban yarda ba, kuma na faɗa. Ranar da muka fara ƙirga wa juna alheri, mun koma musayar da muka ƙi a Maris, sai dai da wata riga. Mutum zai karanta don ya cike gurbi a jadawali, karatun da aka yi don cike gurbi kuwa ana gane shi daga sharhin farko. Hajiya ta ce kafin a yanke wa mutum hukunci a fara tambayar lafiyarsa. Ta kira ta. Ashe mahaifiyarta ce take kwance, ita ke jinya, kunya ta hana ta faɗa don kada a ce ta kawo uzuri. Mun ɗage mata wa'adi, Malam ya karɓi karatun da yake kanta. Allah ya ba Mama lafiya.

Abin da muka rubuta maimakon jadawali: wanda ya ga ba zai iya ba a wani wata, ya faɗa da wuri, ba sai ya kawo dalili ba.

13 ga Satumba

Littafin ƙaramarmu ya fito, na farko da ya bi ta hannun ƙungiya daga daftari har kasuwa. Ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, 'yar'uwar da ta ɓace ta dawo, kuma ita ce ma ta riƙe babin ƙarshe. Dukkanmu mun karanta, don haka kowa yana da ikon magana.

Ba mu yi abin da aka saba ba, wato kowa ya ɗora hoto ɗaya da kalmomi iri ɗaya a rana ɗaya. Mai karatu yana ganin haka ya san shiri ne, idonsa ya wuce. Mun rarraba cikin mako biyu, kowa ya zo ta ƙofarsa. Hajiya ta rubuta doguwar wasiƙa ga masu karatunta a kan yadda yarinyar take rubuta hirar uwa da 'ya. Malam ya karanta shafi biyu da muryarsa aka naɗa, kuma wannan ne ya fi yawo, don mutane suna tura wa juna murya fiye da yadda suke tura rubutu. Ni na yi mata tambayoyi a rubuce a kan abin da ta yanke da dalilin yankewa. Marubuta masu tasowa sun yi ta aiko da godiya a kan wannan.

Mai labaran bincike ne ya ba ni mamaki. Ya ce ya karanta, ya ga ƙoƙarin, amma labarin soyayya ne, masu karatunsa kuwa ba shi suke nema a wurinsa ba. In ya matsa musu, ba zai amfane ta ba. Ya sanar da fitowar littafin a jimla ɗaya, ya ce ga waɗanda zai dace da su. Na zuba ido in ga ko za ta ji haushi. Ta ce, "Na gode, Yaya, hakan ma ya isa." Ƙa'idar da na ji tsoronta a Maris ta tsaya da ƙafarta.

Malam ya ce wannan tsohuwar damuwa ce tsakanin marubuta abokai. Marubutan Birtaniya C. S. Lewis da J. R. R. Tolkien sun shekara da shekaru suna karanta wa juna rubutu a Oxford, cikin ƙungiyar da ake kira Inklings, kuma Tolkien ya sha faɗin cewa ƙarfafawar Lewis ce ta sa ya kai babban littafinsa, The Lord of the Rings, ƙarshe. Duk da haka, da aka zo bugawa a 1954, Lewis ya rubuta yabon da za a sa a bango, sannan ya gargaɗi abokinsa ya yi tunani kafin ya yi amfani da shi, don yana da maƙiya da yawa, sunansa yana iya jawo wa littafin illa. Aboki na gaske yana duba ko sunansa zai ɗaga littafi ko zai danne shi, ba ya tsayawa a kan an ga ya yi kara.

Saƙonnin da suka fi faranta mata rai daga mutanen da ba su taɓa jin sunanta ba ne, waɗanda suka ce daga wurin Hajiya suka zo. Yawancinsu manyan mata ne, waɗanda ba sa bin labari babi-babi a waya. Ita ma Hajiya ta ce 'yan mata sun fara tambayarta tsofaffin littattafanta.

4 ga Oktoba

An sace littafin. Wani ya mayar da shi PDF yana rabawa a zaurukan WhatsApp da Telegram. Ba yadda za a yi a rufe wannan ƙofa gaba ɗaya, amma mu shida mun fi mutum ɗaya ido. Duk wanda ya gani ya sanar, muka rubuta saƙo ɗaya cikin ladabi zuwa ga masu kula da zaurukan, muka ce wannan gumin wata ce, ga inda ake samunsa ta halal. Da dama sun cire, har wata ta ba da haƙuri ta ce ba ta san ba da izini aka ɗora ba. Waɗanda suka ƙi, mun kai ƙara ta hanyar da manhajojin suka tanada.

Mun kuma saki babi uku na farko kyauta da hannunmu, da bayanin inda za a sayi sauran. Mai son ɗanɗanawa ya samu daga mai shi.

25 ga Oktoba

Kundin haɗaka ya kusa, amma ba zai fito a bana ba kamar yadda muka so. Labarai huɗu sun kammala. Na mai labaran yara ya iso makon jiya, mahaifiyarta ta samu sauƙi, za a karanta shi a zaman Nuwamba. Malam ya ajiye waƙoƙin da ya fara kawowa, ya ce tunda ya karanta labaran duka, zai rubuta sababbi da za su amsa kowane labari. Ya karanta mana ta farko, wadda za ta biyo bayan labarin Hajiya, kuma ta sauya yadda nake ganin labarin kansa.

Mun amince a ɗauko mai tacewa daga waje don karatun ƙarshe. Mun karanta rubutun juna har idonmu ya saba, kuskuren da ya zauna a shafi tun Fabrairu yanzu ba ma ganinsa. Jayayya ɗaya ta rage, ta jerin sunaye a bango. Hajiya ta ƙi a sa nata a gaba duk da ita aka fi sani. Ta ce a bi haruffa. Mai labaran bincike yana ganin sunanta a sama zai ja masu saye, wanda amfanin kowa ne. Duka biyun suna da hujja, ba mu yanke ba.

Marubuta uku sun nemi shiga. Mun tattauna sosai. In muka zama tara, ba za mu iya karanta littafin kowa har ƙarshe ba, sharaɗin farko kuma zai faɗi. Abin da za mu yi shi ne mu ba su kwafin ƙa'idojinmu da yarjejeniyar, mu gayyace su zama ɗaya su ga yadda muke yi, su kafa tasu. Ƙaramarmu ta ce za ta zauna da su a zamansu na farko.

Kafin zaman 15 ga Nuwamba: kowa ya karanta labarin mai labaran yara ya zo da sharhinsa a rubuce, Malam ya kawo waƙa ta biyu da ta uku, mai labaran bincike ya kawo lambobin ISBN, ni kuma in nemo sunayen masu tacewa biyu da samfurin aikinsu. Littafin Hajiya yana hannuna, na kai babi na goma sha ɗaya, kuma akwai maganar da zan yi mata a kan mijin jarumar.